LearnEnglish na British Council: zai iya koya maka bayanin biki da fareti da Turanci?

Bayanin biki yana cikin abubuwan da ke saurin tona asirin mai koyon Turanci. Mutum zai gaisa, ya yi ciniki, ya rubuta takardar neman aiki ba tare da tuntuɓe ba, amma a ce ya kwatanta wani fareti da aka yi a tsakiyar birni, su wa suka wuce, me suka sa, tun yaushe ake yi, don me ake yi, sai ka ji ya maƙale a kan “many people, very nice”. Ba abin faɗa ya rasa ba. Maganar biki ce take neman abubuwa 3 a lokaci guda: kalmomin da ba kullum ake taɓa su ba, irin jimlar da ba ta ambaton wanda ya yi aikin, da ƙananan kalmomin lokaci, wato “on” da “in” da “at”. Ga mai shirin IELTS kuwa, wato jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci, abin ya wuce sha'awa, domin a kashi na 2 na gwajin baki ana miƙa wa ɗalibi kati, a ba shi minti 1 ya shirya, sannan ya yi magana shi kaɗai har zuwa minti 2, kuma biki ko al'ada suna cikin batutuwan da aka saba gani a katin.

Shafin LearnEnglish mallakar British Council ne, hukumar Birtaniya da aka kafa a 1934 don yaɗa harshe da al'adu, kuma tana cikin masu mallakar ita jarrabawar IELTS ɗin. Hukuncin a taƙaice shi ne: wajen tara kalmomi da sanin abin da Turawan Ingila da Amurka suke yi a ranakun bukukuwansu, da wuya ka sami na kyauta da ya kai shi tsabta. Wajen buɗe baki kuwa rabin aikin kawai yake yi. Sauran rabin sai ka ƙirƙiro wa kanka, kuma shafin ba zai gaya maka haka ba.

Inda darussan suke da yadda aka gina su

Kada ka ɓata lokaci a sashen “Speaking” kana neman biki, ko da yake sunan zai ja ka can. Wannan sashe na maganar yau da kullum ne, kamar ba da shawara, neman a maimaita maka magana, yarda da ra'ayin wani ko ƙin yarda. Kayan biki suna ƙarƙashin “General English”, a wurin da ake kira “Magazine zone”. A nan ne za ka tarar da rubuce-rubuce kan Bonfire Night, Halloween, Kirsimeti, Thanksgiving, ranar Saint Patrick, Carnival, Diwali da Ramadan, a tsakanin wasu batutuwan da ba na biki ba. An rubuta su ne don masu matakin B1 da B2 na ma'aunin harsuna na Turai, wanda ya tashi daga A1 zuwa C2. Ma'ana, sai wanda ya riga ya iya karanta labarin jarida mai sauƙi yana fahimtar yawancinsa.

Kusan kowane darasi ƙirarsa ɗaya. Da farko akwai aikin share fage, inda ake jera 'yan kalmomi ka haɗa kowacce da ma'anarta. Sai rubutun kansa, an yanka shi gida-gida da ƙananan kanu. Bayansa ayyukan gwaji, galibi guda 2, irin na gaskiya ne ko ƙarya, cike gurbi, ko jera kalmomi daidai, kuma nan take kwamfuta ke nuna maka inda ka ci da inda ka faɗi. A ƙarshe akwai tambayar tattaunawa, da takardar PDF da za ka sauke mai ɗauke da darasin da amsoshinsa. Karatu da gwaji ba sa neman ko sisi. Rubuta amsa a ƙarƙashin tambayar tattaunawa ne yake buƙatar ka yi rajista, ita ma kyauta. Babban shafin na manya ne, matasa 'yan shekara 13 zuwa 17 suna da nasu mai suna LearnEnglish Teens, yara kuma LearnEnglish Kids.

Takardar PDF ɗin nan ita ce abu mafi daraja a shafin, kuma ita aka fi rainawa. Da zarar an sauke ta ba ta ƙara cin data, ana buga ta, ana yin zane a kanta da biro, kuma malamin aji zai iya raba ta ga ɗalibai 40 ba tare da kowa ya riƙe waya ba.

A duba batun Bonfire Night kusa-kusa, don a ga amfanin irin wannan rubutu. Ranar 5 ga Nuwamba, 1605, aka kama Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisar dokokin Ingila yana gadin ganga 36 na albarushi, da niyyar tarwatsa majalisar da Sarki James na Ɗaya a ciki. Tun daga nan ake hura babbar wuta a daren wannan rana, a ƙona mutum-mutumin da ake kira “guy”, a harba wasan wuta sama. A garin Lewes da ke kudancin Ingila har jerin gwano ake yi da jiniyoyin wuta a hannu. Batu ɗaya ke nan, amma ya tilasta maka amfani da lokaci iri biyu: shuɗaɗɗe don tarihin, “he was caught”, “they planned to blow up”, da kuma na yau da kullum don al'adar, “people light bonfires”, “fireworks are set off”. Wannan sauyi daga “abin da ya faru” zuwa “abin da akan yi” shi ne ƙashin bayan duk wani bayanin biki, kuma rubuce-rubucen shafin suna nuna shi a fili ba tare da cusa nahawu ba. Wanda ya karanta 5 ko 6 daga cikinsu da biro a hannu zai ga tsarin yana maimaita kansa: yaushe, a ina, asali, abin da ido ke gani, abin da ake ci, yadda abin ya sauya.

Inda gizo yake saƙa

Ayyukan gwajin duk na ganewa ne, ba na ƙirƙira ba. Kana iya cinye maki gaba ɗaya ba tare da ka haɗa jimla ko ɗaya da kanka ba, balle ka furta ta. Ganin kalmar “procession” ka haɗa ta da ma'anarta abu ne daban, jawo ta daga ƙwaƙwalwa a tsakiyar magana wani yana kallon bakinka kuma wani abu ne daban. Shi ya sa mutum zai gama darasi 10 yana jin ya ƙoshi, a yi masa tambaya ɗaya ya ga wayam. Tambayar tattaunawar ma rubutu take nema, kuma ba a yi wurin don a bi kowace jimla taka ana gyarawa ba.

Na biyu, an jera rubuce-rubucen bisa sunan rana, ba bisa aikin da za ka yi da harshen ba. Kalmomin fareti suna warwatse, wata a nan wata a can, kai ne za ka tattara su. Ga waɗanda bai kamata a rasa ba, da bambancin da ke tsakaninsu, domin a nan ake yawan zamewa.

Mu mun ari “parade” mun mai da ita fareti, kuma a kunnenmu fareti na sojoji ne da 'yan sanda da 'yan makaranta masu taku ɗaya. A Turanci kalmar ta fi haka faɗi. Trooping the Colour, wanda sojojin fada ke yi a Landan duk watan Yuni don bikin ranar haihuwar sarki ta hukuma, “parade” ne. Amma na kamfanin Macy's a birnin New York ma “parade” ne, alhali manyan balan-balan ne masu siffar 'yan wasan yara ake ja da igiyoyi a titunan Manhattan har zuwa Herald Square. “Procession” kuwa jerin gwano ne mai nutsuwa, irin na addini, na jana'iza ko na naɗin sarauta. “March” a matsayin suna yakan karkata zuwa zanga-zanga, don haka wanda ya ce “there was a big march in the city” mai sauraro zai ɗauka an fita nuna fushi ne. “Float” ita ce motar da aka ƙawata ta zama dandamali mai tafiya. A Rose Parade na garin Pasadena a jihar Kalifoniya, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu tun 1890, ƙa'ida ce a lulluɓe kowace “float” da furanni ko wasu tsirrai, ganye, iri ko ɓawo. A faretin Saint Patrick na New York kuwa, da ke bin titin Fifth Avenue ranar 17 ga Maris, babu “float” ko ɗaya, masu tafiya a ƙasa ne da “marching bands”, wato 'yan badujala. Irin wannan bambanci shi ke sa kalma ta zauna a ka, ba jerin ma'anoni ba.

Sai “costume” da “custom”, waɗanda ko masu digiri suna musanya su. Ta farko tufar shiga ce ta musamman, ta biyu al'ada. “People wear colourful customs” kuskure ne da kunnen Bature ke kamawa nan take. A Ingila shigar ɓad-da-kama ta liyafa “fancy dress” ake ce mata, wanda a Amurka za a iya ɗauka kayan ƙawa masu tsada ake nufi. “Fireworks” kusan kullum jam'i ce, kuma ba a “burn” ɗinta a maganar yau da kullum, ana cewa “set off” ko “let off”. 'Yan kallo kuma “line the streets” suke yi, wato su yi sahu gefe da gefen titi.

Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu: sashen na ido ne, ba na kunne ba, alhali kalmomin biki cike suke da sautukan da harshen Bahaushe ke tuntuɓe a kansu. Hausa ba ta raba “p” da “f”, shaida ita ce kalmar fareti kanta. Ba ta da “v”, sai ta mai da ita “b”, ka ji “festibal” da “kanibal”. Sautin “th” yakan koma “s” ko “z”, Thanksgiving ta zama “sanksgibin”. Kuma Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai baki ya cusa wasali, “float” ta zama “fulot”, “street” ta zama “sitirit”, “crowds” ta zama “kurawus”. Ƙari a kan haka akwai wurin da murya ke danna kalma: a “parade” da “procession” gaɓa ta biyu ce ke ɗaukar nauyi, a “festival” da “carnival” da “costume” kuwa ta farko ce. Idan aka danna inda bai dace ba, ko sautukan sun fita daidai mai sauraro yakan ɗan tsaya kafin ya gane.

Maganin wannan ba a shafin yake ba. Ƙamus na Cambridge na intanet yana da maɓallin sauti 2 a kan kowace kalma, na Birtaniya da na Amurka. Shafin YouGlish kuma yana tsamo maka wuraren da mutane suka furta kalmar a bidiyoyin YouTube, ɗaya bayan ɗaya. Don gyaran “p” da “f”, riƙe ƙyallen takarda a gaban leɓe: a “parade” leɓɓa biyu ke haɗuwa iska ta fashe ta kaɗa takardar, a “festival” haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta zirara. Jimlar da ta fi kowacce amfani wajen atisaye ita ce ranar Bonfire Night ɗin kanta, “the fifth of November”, don ta tara “th” da “f” da “v” wuri ɗaya. Sau 10 a hankali kowace safiya, mako guda, za a ji bambanci.

Jimlolin da Hausa ke ja zuwa rami

Akwai kurakuran da ba rashin karatu ke kawo su ba, ginin Hausa ne ke leƙowa ta ƙarƙashin Turancin. Shafin an yi shi ne don duniya baki ɗaya, don haka bai san da su ba. Sashensa na nahawu yana da bayani mai kyau a kan kowannensu, amma sai ka san sunan ciwonka kafin ka nemo maganin.

Babba a ciki shi ne “ana”. Muna cewa “ana yin bikin a watan Agusta”, ba mu faɗi mai yi ba, kuma siffar jimlar ta yi kama da abin da ke gudana yanzu. Sai baki ya fitar da “they are doing the festival in August”. Turanci yana da hanya 2 a nan: “it is held in August” ko “it takes place in August”. Kada a haɗa su. “It is taken place” ba Turanci ba ne, domin “take place” ba ta karɓar wannan siffa. A neme shi a sashen nahawu ƙarƙashin “passives”.

Na biye da shi “kan”. “Mutane sukan sa koren kaya” al'ada ce mai ci, Turancinta “people usually wear green”. Da yawa sukan ce “people use to wear green”, alhali “used to” na abin da aka daina ne. Wanda ya ce “they used to dye the river green in Chicago” ya sanar da cewa an bar yi, ga shi kuwa tun 1962 ake rina kogin Shikago kore don ranar Saint Patrick. Daidai shi ne “the river has been dyed green since 1962”. A lura da “since” tana bin shekara ko rana, “for” tana bin tsawon lokaci.

Sai aikatau “yi”, wanda a Hausa yake ɗaukar komai: a yi biki, a yi fareti, a yi ado, a yi hutu. Turanci ya raba su. Birni “holds” fareti, mutane “celebrate” biki, yara “dress up as” wani abu, ma'aikata “have the day off”. “Do a parade” ana ganewa, amma tana nuna inda mai magana ya tsaya.

Ƙananan kalmomin lokaci kuma ƙa'idarsu ba ta da wuya in an riƙe ta da misali ɗaya: “in December” don wata, “on Christmas Day” don rana guda, “at Christmas” don kwanakin bikin gaba ɗaya. Ƙarshen mako ne kawai ya raba gari, 'yan Birtaniya “at the weekend”, Amurkawa “on the weekend”.

Karkatar shafin zuwa Birtaniya

Ba laifi ba ne, gidansu ne. Amma wanda zai yi hulɗa da Amurkawa ya san cewa kalmar “holiday” kanta ba abu ɗaya take nufi ba. Ɗan Ingila in ya ce “I'm on holiday” ya tafi hutun shaƙatawa ne, abin da Ba'amurke zai kira “vacation”. Ranar hutun gwamnati a Birtaniya “bank holiday” ce, sunan da ya samo asali daga wata doka ta 1871. A shekarar da babu ƙari, Ingila da Wales suna da guda 8, Sikotland 9, Ailan ta Arewa 10. Amurka tana da “federal holidays” 11 tun da aka ƙara Juneteenth, ranar tunawa da 'yantar da bayi, a 2021. “The holidays” a bakin Ba'amurke kuwa lokaci ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa sabuwar shekara. Thanksgiving ma ba rana ɗaya ba ce ko'ina: a Amurka Alhamis ta 4 ce a Nuwamba, a Kanada Litinin ta 2 a Oktoba. Haka rubuta kwanan wata, 5/11 a Landan 5 ga Nuwamba ne, a New York 11 ga Mayu. Wanda zai rubuta gayyata ko ya sayi tikitin kallo ya rubuta sunan watan da haruffa ya huta.

Talatar da ke gaban azumin Kiristoci ta nuna wannan rabuwa sosai. A Ingila Pancake Day ce ko Shrove Tuesday, abin bai wuce suya a gida da tseren mata da maza riƙe da kasko ba. A New Orleans kuwa Mardi Gras ce, inda ƙungiyoyin da ake kira “krewes” ke fitowa da motocinsu suna watsa wa jama'a tsakiyoyin wuya. Rana ɗaya, kalmomi daban.

Yadda za a matse shafin ya ba da magana

Darasi ɗaya ya ishi kwana 3, minti 25 zuwa 30 kowace rana. Wanda ya yi darasi 3 a dare ɗaya ya karanta ne kawai.

Ranar farko a yi share fage, a karanta rubutun sau 2, a yi gwaje-gwajen. A karatu na biyu a ja layi a ƙarƙashin guntayen jimloli, ba kalmomi ɗai-ɗai ba, kuma kada su wuce 8 zuwa 10. “Dates back to”, “is held every year”, “in memory of”, “take part in”, irin waɗannan. Dalilin shi ne kalma ita kaɗai ba ta zuwa da abokan tafiyarta, sai ka tsaya neman su a tsakiyar magana, guntun jimla kuwa a shirye yake fitowa. Fiye da 10 kuma ba sa zama.

Rana ta biyu a rufe takardar. A rubuta tambayoyi 5 a ƙaramin kati: yaushe, a ina, asalinsa, me ake gani da ji, me ya bambanta shi. A ƙarƙashin kowacce kalma 2 ko 3 kawai, ba jimla ba. A kunna rikodar waya a yi magana minti 2 cif. Ga mai magana a nutse minti 2 yakan ci kalmomi wajen 240 zuwa 280, wato kusan jimla 3 ko 4 ga kowace tambaya. A saurara sau ɗaya ana neman abu ɗaya tak, misali “ana” ɗin nan. Sannan a sake ɗauka. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne rubuta jawabin gaba ɗaya a haddace. Haddar tana fita da murya irin ta mai karanta sanarwa, kuma da zarar kalma ɗaya ta ɓace sai duk ginin ya rushe. Masu gwajin IELTS ma an horar da su su gane amsar da aka haddace.

Rana ta uku a ɗauki guntayen jimlolin nan a ɗora su kan wani bikin daban wanda ba shi ne a darasin ba. Wannan ne gwajin gaskiya. A ce an koyi Bonfire Night, sai a gwada Notting Hill Carnival, wanda ake yi a yammacin Landan ranar Lahadi da Litinin na hutun ƙarshen Agusta. Tushensa al'ummar Karibiyan ne da suka zauna a unguwar, an fara shi a kan titi a 1966, bayan wani taron cikin zaure da Claudia Jones ta shirya a 1959. Lahadi ranar yara da iyali ce, Litinin babban fareti. Amsa mai kyau za ta fara kamar haka: “It takes place in west London over the August bank holiday weekend. It dates back to the 1960s and has its roots in the Caribbean community.” Daga nan a shiga abin da ido da kunne ke samu, masu kiɗan gangar ƙarfe da ake kira “steel bands”, manyan lasifikoki a bakin titi, masu rawa da fuka-fukai a ka. A nan ne yawancin masu koyo ke gajartawa, alhali a nan ne ake samun maki, don a nan ake nuna yawan kalmomi.

Don kunne, a haɗa da shirin 6 Minute English na BBC Learning English. Masu gabatarwa 2 ne ke hira ta minti 6 a kan batu ɗaya, da tambaya a farko, da bitar kalmomi a ƙarshe, da rubutaccen abin da aka faɗa. Ba kowane mako ne batun ke zama biki ba, amma salon hirar, yadda ɗaya ke katse ɗaya da “really?” ko “so what happens next?”, shi ne abin da rubutun Magazine zone ba zai taɓa ba ka ba. Akwai kuma tsohon shirin bidiyo na Word on the Street, wanda British Council suka yi da BBC, da ke da kashi a kan Notting Hill. Ya tsufa, wayoyin da ke hannun 'yan wasan ma sun nuna haka, amma Turancin bai lalace ba.

British Council suna da azuzuwan kai-tsaye na kuɗi da malami ta intanet, kuma shafin zai riƙa tallata maka su. Malami mai gyara furuci abu ne mai amfani, amma saboda batun biki kaɗai bai kai a biya ba. Aboki ɗaya da zai saurari minti 2 ɗinka ya jefo maka tambaya 3 da ba ka shirya musu ba zai yi maka mafi yawan aikin.

Abu ɗaya da ya kamata a ce shafin ya fi jaddadawa shi ne gaisuwa, domin a nan kuskure ya wuce na nahawu ya zama na ladabi. “Merry” kusan ta Kirsimeti ce kaɗai, ba a cewa “Merry New Year”. “Happy” tana tafiya da yawancin sauran, har da Kirsimetin a Birtaniya. “Congratulations” ta nasara ce ko aure ko haihuwa, ba ta zagayowar rana ba, don haka fassara “barka da” kai-tsaye zuwa gare ta ba ta aiki. A Landan, inda ake taron Eid in the Square a dandalin Trafalgar, kuma aka fara ƙawata titi da fitilun Ramadan a 2023, “Eid Mubarak” ta shiga bakin mutane yadda take, ba sai an fassara ba. Sannan akwai ranakun da ba a yi musu “Happy” sam. Remembrance Sunday, Lahadi ta 2 a Nuwamba, akwai fareti na tsofaffin sojoji a gaban Cenotaph, ginin tunawa da mamatan yaƙi da ke Landan, akwai badujala, akwai shiru na minti 2 da ƙarfe 11 na safe, amma ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi ce. Aikatau ɗinta “mark”, “observe” ko “commemorate”, ba “celebrate” ba. Haka Memorial Day a Amurka, Litinin ta ƙarshe a Mayu, duk da cewa mutane da yawa na fita shaƙatawa a ranar.

Wanda bai kai B1 ba zai sha wuya a Magazine zone, kuma alamar a bayyane take: idan a sakin layi ɗaya kalmomin da ba ka sani ba sun haura 5 ko 6, rubutun ya fi ƙarfinka a yanzu. Akwai gwajin mataki na kyauta a shafin, a fara da shi. In ya nuna A2, a koma sashen “Reading” na wannan mataki da darussan “present simple” da “past simple” na mako 4 zuwa 6, sannan a dawo a fara da rubutun Halloween ko na Kirsimeti, waɗanda tarihinsu bai kai na Bonfire Night sarƙaƙiya ba.